Babi na Bakwai: Ragunan Regaud da Masu Ƙulla Igiyar Gado

A shekarun 1920, a cibiyar binciken radiyam da ke birnin Faris, wani likita mai suna Claudius Regaud ya duƙufa wajen hana raguna haihuwa. Bai yi musu fiɗiya da wuƙa ba, bai kuma dandaƙe su ba. Hasken eksire yake haska musu a maraina. Kiwo bai dame shi ba, ciwon daji yake tunani. Ƙwayoyin halittar da ke samar da maniyyi suna rabuwa da sauri kamar yadda na ciwon daji ke yi, ita kuwa fatar da ta rufe su tana matsayin lafiyayyen naman da likita ba ya son ya taɓa. Idan ya ba rago hasken gaba ɗaya a zama guda, kafin haihuwa ta tsaya fata ta ƙone ta zama gyambo. Da ya rarraba hasken kaɗan kaɗan cikin kwanaki, sai haihuwar ta tsaya, fatar kuma ta tsira. Abokin aikinsa Henri Coutard ya gwada wannan dabara a kan masu ciwon dajin maƙogwaro, aka ga waraka inda a da sai dai a yi ta'aziyya.

Shi ya sa har yau wanda aka rubuta wa gashin ciwon daji a asibiti yake zirga-zirga daga Litinin zuwa Juma'a, mako shida ko bakwai, ana ba shi gire 2 kullum har a cika 60 ko 70. Gire shi ne ma'aunin yawan radiyeshon da nama ya sha, an sa masa sunan Louis Harold Gray, masanin fiziks ɗan Ingila. Gire 5 kacal, in aka ba wa jikin mutum gaba ɗaya lokaci guda, ya isa ya kashe fiye da rabin waɗanda suka sha shi in ba su samu kulawa ba. Amma ga shi ana tara wa wuri guda ninki goma sha na wannan, mutum ya tashi ya koma gona. Likitoci sun yi shekara talatin suna cin moriyar wannan hikima ba tare da sanin dalilinta ba. Sai a 1959 Mortimer Elkind da Harriet Sutton suka nuna a ɗakin gwaje-gwaje cewa in aka raba haske gida biyu, aka bar 'yan sa'o'i tsakani, ƙwayoyin halitta da yawa kan tsira. Wato a cikin sa'o'in nan akwai abin da ke gyara ɓarnar. Duk wanda ya nemi digiri na uku a fannin nazarin tasirin radiyeshon a jiki, wannan gyaran ne zai yi shekaru yana bibiya.

Abin da ake gyarawa shi ne DNA, igiyar gado da ke naɗe a tsakiyar kowace ƙwayar halitta. Igiya ce mai tufka biyu, kuma kowane sili ɗauke yake da bayanin da za a iya karanta ɗan'uwansa da shi. Idan radiyeshon ya ratsa, wani lokaci igiyar yake bugu kai tsaye, amma galibi ruwan da ke kewaye da ita yake fasawa, gutsattsarin ruwan kuma su far mata. Gire ɗaya kan tsinka sili guda a wurare kamar dubu a kowace ƙwaya, ya kuma tsinka duka biyun a wurare 20 zuwa 40. Dubun nan ba abin tashin hankali ba ne, domin ɗaya silin yana nan, da shi ake duba yadda za a mayar da wanda ya tsinke. Tomas Lindahl, ɗan ƙasar Suwidin, ya lissafa tun shekarun 1970 cewa ko babu radiyeshon, ɗumin jiki da ruwa kaɗai suna ɓalle haruffan DNA kusan dubu goma a kowace ƙwaya kowace rana, ana kuma mayar da su ba tare da mun sani ba. Tufka da warwara ake yi a jikinmu dare da rana. Waɗancan 'yan talatin ɗin da suka raba igiyar gida biyu, su ne masu kisa.

An daɗe kafin masana su yarda cewa DNA na buƙatar gyara. A 1949 Albert Kelner ya lura cewa ƙwayoyin bakteriyar da hasken altirabayolet ya kusan kashewa suna farfaɗowa in an bar su a hasken da ido ke gani. A 1964 Richard Setlow ya nuna cewa bakteriya na yanke wurin da ya lalace ta cike gurbin. A 1968 James Cleaver ya gano cewa yaran da ke fama da wata cuta ta gado, waɗanda rana ke toya wa fata har ciwon daji ya fito musu tun suna ƙanana, wannan yankan da cikewar ne ba sa iya yi. A nan ya kamata a bambanta su da zabiya, wanda shi ma ranar ƙasarmu ke jawo wa ciwon dajin fata. Zabiya gyaransa lafiya lau yake, launin da ke kare fata ne babu, sai ɓarnar ta yi wa masu gyara yawa.

Cikin waɗanda suka gina fannin akwai wanda tarihinsa ya cancanci mai neman digiri ya sani. Aziz Sancar an haife shi a 1946 a Savur, wani ƙaramin gari a kudu maso gabashin Turkiyya, iyayensa ba su yi boko ba. Ya karanta likitanci a Istanbul, ya yi aikin likita a karkara, sannan ya tafi Amurka ya yi digiri na uku a Dallas a hannun Claud Rupert, ya gama a 1977. Aikinsa shi ne ware ƙwayar gadon sinadarin da ke yin gyaran nan da Kelner ya gani. Aiki mai kyau ne, amma a lokacin ba wanda ya damu da shi: wurare uku ya nemi gurbin ci gaba da bincike, duka suka ƙi. Sai ya karɓi aikin mataimaki a ɗakin gwaje-gwaje na Jami'ar Yale, a can ya warware yadda ake yankan da cikewar dalla-dalla. A 2015 shi da Lindahl da Paul Modrich suka raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai. Ba don kyautar na kawo labarin ba. Na kawo shi ne don a ga cewa tambayar da ya riƙe tun yana ɗalibi ita ce ya riƙe har tsufansa, da ana yayinta da ba a yi.

Mu koma ga tsinkewar sili biyu, tunda nan ne guraben karatu da yawa suke a yanzu. Ƙwayar halitta na da manyan hanyoyi biyu. Ta farko ta gaggawa ce: wasu furotin su cafke bakin igiyar biyu, a ɗan datse, a haɗa su. Tana aiki kowane lokaci, ita ce ke gyara mafi yawan ɓarnar radiyeshon, sai dai takan zubar da 'yan haruffa, wani lokaci ma ta haɗa bakin da ba nasa ba. Ta biyu mai natsuwa ce, tana kwafo bayanin daga kwafin igiyar da ƙwayar ta riga ta yi lokacin da take shirin rabuwa, saboda haka ba ta cika kuskure ba, amma sai a wannan lokacin kaɗai take yiwuwa. BRCA1 da BRCA2, ƙwayoyin gadon nan da ake ambata a maganar ciwon dajin mama, ma'aikatan hanya ta biyu ne. Matar da ta gaji ɗayansu a lalace, haɗarin kamuwarta da ciwon dajin mama ko na ƙwan haihuwa yana ƙaruwa sosai.

A 2005 ƙungiyoyi biyu a Ingila, ɗaya ta Alan Ashworth da Steve Jackson, ɗaya ta Thomas Helleday, suka mayar da wannan rauni makami. Tunda ciwon dajin da ya rasa BRCA ya riga ya yi asarar hanya ɗaya, in aka toshe wani furotin mai suna PARP da yake dogaro da shi, ƙwayar ciwon sai ta mutu, lafiyayyun ƙwayoyi kuma su ci gaba da rayuwa tunda tasu hanyar tana nan. Daga nan aka samu maganin olaparib, wanda Turai da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2014. Wannan kuwa ya shafe mu kai tsaye. Binciken da tawagar Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago ta yi tare da likitocin Ibadan, aka wallafa a 2018, ya samu cewa cikin matan da ke da ciwon dajin mama da aka gwada, fiye da ɗaya cikin goma na ɗauke da lalataccen BRCA1 ko BRCA2. Adadin ya zarce wanda aka saba gani a matan Turawa. Kuma galibin ƙwayoyin halittar da ake rainon su a ɗakunan gwaje-gwajen duniya daga jikin Turawa aka samo su. Ɗalibin da ya je da wannan a ransa ya je da abin da malaminsa ba shi da shi.

To me ɗalibin digiri na uku yake yi a kullum? Ya kamata a faɗi gaskiya, domin mutane da yawa na hango manyan injina da farar riga. Babban aikin raino ne da ƙirga. Akwai gwajin da Theodore Puck da Philip Marcus suka ƙirƙiro a 1956, har yau shi ne alƙalin fannin. Za ka ƙirga ƙwayoyi, ka zuba su a faranti, ka haska su, ka mayar da su akwatin ɗumi, ka jira kwana goma zuwa sha huɗu. Wadda ta tsira za ta hayayyafa ta zama ɗigo, sai ka rina farantin da shuɗin rini ka ƙirga ɗigon da ya kai ƙwaya hamsin. In naman gwari ya shiga farantin a kwana na tara, mako biyunka ya tafi, sai ka sake lale. Gwaji na biyu ya samo asali ne daga binciken ɗakin William Bonner a 1998: duk inda sili biyu suka tsinke, furotin ɗin da igiyar ke naɗe a jikinsa yana samun wata alama, ana kuma iya sa alamar ta yi walƙiya a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ka duba bayan rabin sa'a ka ga ɗigo talatin a ƙwaya, ka dawo washegari ka tarar saura biyu ko uku. Gyaran ne kake kallo da idonka. Wanda zuciyarsa ba ta motsa da wannan ba, gara ya nemi wani fannin tun da wuri, domin zai ƙirga irin ɗigon nan har su riƙa zuwa masa a mafarki.

Tambayoyin da ake ba da kuɗi a kansu ba su da yawa, kuma tsofaffi ne da suka sake sabon salo. Ta farko ta iskar oksijin ce. Gray da abokansa sun nuna a 1953 cewa ƙwayar da ba ta samun oksijin tana buƙatar radiyeshon kusan ninki uku kafin ta mutu, kuma tsakiyar ƙullutun ciwon daji sau da yawa a shaƙe yake saboda jini ba ya kaiwa. Shekara saba'in ke nan ana neman yadda za a shawo kan wannan. Ɗakin binciken da Gray ya kafa a asibitin Mount Vernon kusa da Landan ya koma Oxford a 2008, kuma har yanzu maganar oksijin na cikin abin da ake bincike a can.

Wadda ta fi jan hankalin matasa a yanzu ita ce ta saurin haske. A 2014 Vincent Favaudon na Cibiyar Curie a Faransa ya ba ɓeraye radiyeshon cikin ƙasa da ƙiftawar ido, da saurin da ya wuce gire 40 a daƙiƙa, alhali injin asibiti 'yan gire yake bayarwa a minti. Ciwon dajin ya mutu kamar yadda aka saba, huhun ɓerayen kuwa bai lalace kamar yadda aka zata ba. An sa wa abin suna FLASH, an gwada shi a kan mutum na farko a Lausanne ta Suwizalan a 2018. Dalilin da ya sa lafiyayyen nama ke tsira har yanzu ana gardama a kai: wasu sun ce hasken na shanye oksijin na ɗan lokaci, wasu sun yi lissafi sun ce abin da ake shanyewar bai kai ya yi wannan tasiri ba. A ganina gardama irin wannan ita ce gurbin da ya fi dacewa da ɗalibi, domin manya ba su daidaita ba, saboda haka gwaji ɗaya mai tsabta zai iya sa a saurare shi. Haɗarinta kuma shi ne jama'a sun yi yawa a wurin, wani na iya riga ka wallafawa.

Akwai masu aiki da ƙwayoyin zarra masu nauyi, irin furoton da kabon, waɗanda ke sauke ƙarfinsu a ƙarshen tafiyarsu, su bar ɓarna cunkushe wuri guda da ke da wuyar gyarawa. Japan ta fara yi wa marasa lafiya gashi da kabon a Chiba a 1994, Jamus kuma na da cibiyar GSI a Darmstadt da wata a Heidelberg. Hukumomin sararin samaniya ma na zuba kuɗi a nan, saboda irin wannan radiyeshon ne zai yi ta ratsa wanda ya nufi duniyar Mas. Akwai kuma masu binciken yadda gutsuren DNA da ya zubo bayan gashi ke tayar da garkuwar jiki ta far wa ciwon.

Sai maganar ɗan ƙaramin radiyeshon, wadda ba ta da farin jini amma ta fi kowacce shafar jama'a. Da milisiba ake auna illar radiyeshon ga jiki, kuma a matsakaici mutum na shan kimanin milisiba 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da sama, hoton sikan na ƙirji kuma ya kai ninki biyu ko uku na wannan. Mafi yawan abin da aka sani game da haɗarin ciwon daji daga radiyeshon ya fito ne daga bibiyar mutum kusan 120,000 a Hiroshima da Nagasaki tun 1950. Sama da milisiba 100 haɗarin a bayyane yake. Ƙasa da haka ƙididdiga na rasa ƙarfi, sai masu dokoki suka ɗauka cewa haɗarin na raguwa daidai da raguwar hasken ba tare da ya kai sifiri ba. Zato ne na taka-tsantsan, kuma ilimin gyaran DNA na cikin abin da zai iya tabbatar da shi ko ya rushe shi. Ga mutumin Arlit, inda ake haƙar yuraniyom tun 1971, inda kuma aka rufe mahaƙar Akouta a 2021 aka bar tarin dagwalo, wannan ba gardamar malamai ba ce.

Yanzu maganar shiga. Fannin ƙarami ne, kuma manyansa sun daɗe suna kukan cewa masu ritaya sun fi masu shigowa yawa. Wannan kuka alheri ne ga mai nema. Ƙofar kuma a buɗe take ga mutane iri-iri: wanda ya karanta bayokemistiri ko fiziks, likita, likitan dabbobi, mai ɗaukar hoton eksire, har da gwanin kwamfuta, tunda yanzu ana kwaikwayon tafiyar radiyeshon a cikin ƙwaya da lissafi. A Ingila akwai Oxford, da Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta Landan, da cibiyar lalacewar DNA ta Jami'ar Sussex, karatun kan ɗauki shekara uku zuwa huɗu. A Jamus akwai DKFZ ta Heidelberg da OncoRay ta Dresden, da Turanci ake aiki, kuma ɗalibi albashi ko alawus yake karɓa. A Amurka shekara biyar zuwa shida ne, ana farawa da darussa da zagayen ɗakunan bincike kafin mutum ya zaɓi malami. A nahiyarmu akwai iThemba LABS kusa da Cape Town.

Abin da ke kayar da mutanenmu sau da yawa shi ne rashin karanta ƙananan sharuɗɗa. Tallar gurbi a Ingila za ta ce an biya komai, alhali kuɗin makarantar ɗan ƙasa ake nufi, bambancin da ke kan baƙo kuwa ya fi ƙarfin albashin malamin jami'a na shekaru. Tun 2021 hukumar bincike ta Birtaniya ta yarda baƙi su nemi tallafinta, amma ta ƙayyade musu kashi 30 cikin ɗari na guraben, kuma kowace jami'a ce ke yanke ko za ta yafe bambancin. A tambaya a rubuce kafin a yi murna. Guraben Tarayyar Turai masu sunan Marie Curie ba su duba ƙasar mutum, albashinsu kuma mai kauri ne, sharaɗinsu shi ne kada ka zauna a ƙasar da za ka je fiye da wata 12 cikin shekara uku da suka wuce, wanda ya zo daga Kano ko Maraɗi kuwa ya cika wannan ba da wahala ba. Akwai kuma DAAD ta Jamus da tallafin Commonwealth.

Wasiƙar neman gurbi ita ma tana da ladabinta. Malamin da ke samun saƙo barkatai kowane mako yana gane wanda aka aika wa mutum hamsin tun daga layin farko. Karanta takardunsa biyu ko uku na baya-bayan nan, ka faɗi abin da ka fahimta, ka yi tambaya ɗaya da ta nuna ka yi tunani, sannan ka faɗi abin da hannunka ya taɓa yi ba tare da ƙari ba. In ba ka taɓa rainon ƙwayoyin halitta ba, ka ce ba ka taɓa ba, za a gane a makon farko ko ka faɗa ko ka ɓoye. Ka kuma nemi tsofaffin ɗalibansa ka ji yadda yake mu'amala da ina suka ƙare. Sunan jami'a yana da amfani, amma shekara huɗu da mutum ɗaya za ka yi, halinsa ne zai sa ka gama ko ka tsere.

Saura tambayar da kowa ke yi a ransa: in an gama, a dawo a yi me? Kusan rabin masu ciwon daji na buƙatar gashi a wani mataki na jinyarsu, kuma injinan da ke Shika da Sakkwato da Yamai, wadda ta samu nata a 2021, ba su kai ko kusa da buƙatar jama'a ba. Wanda ya dawo da niyyar ci gaba da binciken kabon ko FLASH zai sha takaici. Amma akwai aikin da ya dace da abin da ke hannu. Idan radiyeshon ya taɓa mutum, gyaran gaggawar nan kan haɗa igiyoyi biyu da ba nasu ba a cikin fararen ƙwayoyin jini, a samu kuromosom mai ƙugu biyu. Ana ɗibar jini, a raini ƙwayoyin sa'a 48, a shimfiɗa su a gilashi, a duba ƙwaya 500 zuwa 1000, yawan masu ƙugu biyun ya faɗi gire nawa mutum ya sha. Da wannan aka auna waɗanda suka taɓa garin siziyom a Goiania ta Brazil a 1987, lokacin da masu gwangwan suka fasa tsohon injin gashi, mutum huɗu suka mutu. Kayan aikin su ne madubin ƙara girma, akwatin ɗumi, da wutar da ba ta ɗaukewa na kwana biyu. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya tana shawartar kowane ɗakin gwaji ya haska jini da sanannen adadi ya fitar da ma'auninsa na kansa, kada ya ari na wani. Zariya na da cibiyar binciken makamashi wadda ke da ƙaramin riyaktan nukiliya tun 2004, ga asibitin koyarwa a gefe, ga ma'aikatan rijiyoyin mai da na ma'adinai da na sashen eksire da ke aiki da radiyeshon kullum. Fitar da wannan ma'auni, sannan a gwada shi a kan jinin irin waɗannan ma'aikata, aiki ne da ya isa kundin digiri na uku.